Ƙwallo Bakwai na Kawu Bubayero

Ranar Lahadi, 15 ga Shawwal 1446, wadda ta yi daidai da 13 ga Afrilu 2025, da ƙarfe biyu da minti goma na rana, Allah Ya karɓi kawuna, yayan mahaifiyata, Alhaji Bubayero Mai Ƙanƙara. Ya rasu a asibiti a nan Azare yana da shekara saba'in da ɗaya, aka yi masa sutura bayan la'asar. Allah ne Ya ba mu aronsa, kuma dukkanmu wurinSa muka nufa.

Kawu, sau huɗu ina soma wannan rubutu ina yagewa. Ka san halina, ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba. A uku na farko ban ambaci maƙwabcinmu Sherif ba. Da na sake karantawa sai na ga rashin sunansa shi ne babban kuskuren da ke ciki.

Ina da shekara shida mahaifina ya rasu. Ka je Itas a kan babur ka ɗauko ni, ka ɗaure ni a bayanka da rawani don kada in yi gyangyaɗi in faɗi. Tun daga ranar ban sake kwana a matsayin maraya ba. Kai da Goggo Meram Allah bai ba ku haihuwa ba, ni kuka riƙa, daga firamare har na fito jami'a a watan Nuwamban bara da digiri a fannin ƙididdiga.

Mutanen unguwarmu ba su bukatar in gaya musu ko kai wane ne. Duk azumin da ya faɗo cikin zafi, da yamma za ka sa a fito da ƙanƙara ƙofar gida a farfasa, kowane gida ya aiko da kwano. Matan rugage da ke kawo nono kasuwa, in rana ta yi musu, wurinka suke ajiye ƙorensu. A firjin ɗakinka kuwa akwai wani gefe da ba mai taɓawa, nan ne masu ciwon suga na unguwa suke ajiye allurarsu. Lokacin da wuta ta yi kwana uku ba ta zo ba, ka bar kayan sayarwarka suka narke, ka juya janareta kan wannan firji guda.

Waɗanda ba su san ka sosai ba suna mamakin yadda dattijon Katagum ya kamu da son wasan da ake yi a kan daskararren ruwa. A 1977 aka tura ka Kanada koyon aikin injinan sanyi. A can ka samu ɗan aiki a wani filin wasa, kana kula da injin da ke daskarar da filin. Nan ka fara ganin ƙwallon gora na kan ƙanƙara: ƙarti sanye da takalma masu kaifi a ƙasa, suna zamiya da gudu, suna bin wata baƙar roba mai faɗin waina da sanduna. Ka dawo a 1980 da takardar shaida, da sandar wasa ta katako, da baƙar robar guda ɗaya, da ƙungiyar da ka riƙa kira "mu" har ƙarshen rayuwarka. Sandar ta kaɗo mangwaro da yawa a gidanmu. Robar kuwa Goggo ta tokare ƙafar firji da ita tun kafin a kawo ni.

Shekara biyar da suka wuce idanunka suka tafi. Da tsakar darenmu ake yin wasannin, amma ba ka taɓa hana kanka barci don su ba, da hantsi kake neman labari. Duk lokacin da nake gida ni ke karanta maka sakamako daga waya. Na koyi tsarin gasar kamar zan yi jarrabawa a kai: ƙungiya talatin da biyu, kowace ta yi wasa tamanin da biyu, nasara maki biyu, faɗuwa a ƙarin lokaci maki ɗaya, goma sha shida kaɗai ke wucewa zagayen neman kofi. Watan Maris da Afrilu su ne lokacin fargabarka, lokacin da ake turereniya a bakin ƙofa, maki ɗaya ya shigar da wasu ya bar wasu a waje. Nakan gama karatuna cikin minti huɗu. Sai ka ce, "Madalla, Gali. Allah Ya yi albarka."

Daga nan sai a ji ƙarar keke napep a ƙofar gida, Sherif ya yi sallama.

Sherif ɗan maƙwabtanmu ne, ya girme ni da shekara bakwai, katanga kawai ta haɗa ku. Amma shi ma Kawu yake ce maka, kuma ban taɓa jin ka gyara masa ba. Bai iya faɗin sunan ɗan wasa ko ɗaya daidai ba, don haka ya raɗa musu nasa. Mai tsaron raga shi ne Maigadin Kasuwa, wani dogo shi ne Ɗan Yana. Zai kalli guntun bidiyo na minti biyu, ya ba ka labarin awa guda, yana tsalle a tsakar gida da muciyar Goggo a hannu. Kai kuma kana dariya har da tari. Na zauna a gidanka shekara goma sha takwas, Kawu, ban taɓa sa ka irin wannan dariyar ba. Ina daga ɗaki ina jin ku, littafi a buɗe a gabana, ba na ganin ko layi ɗaya.

Kuma shi kake ba labarin zamanin da. Yadda 'yan wasa ke shiga fili kai ba hular kwano, gashi na tashi, baki duk giɓi. Yadda sandar katako ke ƙara in ta haɗu da roba, ka ce ta yanzu ba ta da murya. Yadda a da akan yi canjaras kowa ya tafi gida da makinsa ɗaya ba wanda ya mutu. Yadda 'yan wasa ke barin gemu in an shiga zagayen kofi, ka ce lokacin ne kaɗai Turawa ke gane amfaninsa. Abin da ka fi so ka maimaita shi ne layin gaisuwa: in ƙungiya biyu suka gama karawarsu a zagayen kofi, bayan duk doke-doken, sai su jera layi biyu kowa ya ba kowa hannu, har wanda ya fasa wa wani baki jiya. Ka ce ko injinka na neman lalacewa sai ka tsaya ka ga wannan.

A da ni ma kana ba ni waɗannan labarai. Na san ranar da ka daina, kuma ni na jawo. Ranar Sallar layya ce shekara uku da suka wuce, zaure cike da baƙi. Kana ba da labarin wasan da ka fi so, wanda ka ce a 1978 aka yi, an ci ku uku ba ko ɗaya, kuka farke kuka zura bakwai. Ni kuwa na riga na bincika. Na ce, "Kawu, biyar ne, kuma a Fabrairun 1979 aka yi." Ka ce, "To, Gali ya gyara." Ka ɗauki wata maganar. Ba ka yi mini faɗa ba, ba ka canza mini fuska ba. Amma daga ranar, labari ya koma na Sherif, lissafi ya zama nawa.

Bana ƙungiyarka tana bakin ƙofa lokacin da aka kwantar da kai. Ranar Juma'a 11 ga Afrilu da safe muna gefen gadonka, ni da Goggo, sai ga Sherif ya shigo da fara'a.

Ya ce, "Kawu, albishirinka! Mun shiga! Maigadin Kasuwa ya rufe ƙofa ya jefa makulli a rijiya!"

Fuskarka ta washe. Sannan ka juyo inda kake jin numfashina ka ce, "Gali, me lissafi ya ce?"

Sherif yana ƙifta mini ido, har da taka mini ƙafa. Na ce, "Ba a shiga ba tukuna, Kawu. Saura wasa uku, kuma ana bukatar maki biyar cikin shida."

Abin da na faɗa gaskiya ne. Amma tunda na ɗauki alƙalami don in faɗi daidai, dole in ƙara wannan: ba don gaskiya kaɗai na faɗa ba. Na so ka ji da kunnenka cewa wanda kake yi wa dariya maƙaryaci ne. Na ji daɗi na daƙiƙa biyu ko uku, kafin in ga murmushinka ya sauka.

A baranda Sherif ya riƙe mini riga. Ya ce, "Kai Farfesa, digirin naka bai koya maka tausayi ba? Mutum na kwance, ka kasa ara masa kwana biyu na farin ciki?"

Na ce, "Ba kawunka ba ne."

Ya sake ni, ya dube ni, ya tafi. Ranar Lahadi da safe na karanta maka cewa kun yi nasara a wasan farko cikin ukun. Ka ce, "To, da saura." Maganarka ta ƙarshe da ni ke nan.

A wurin zaman makoki na ga abin da ya ƙara ƙona mini rai. Mutane na wuce ni suna zuwa wurin Sherif suna cewa, "Sai haƙuri, an yi maka rashi." Na ƙirga su, mutum goma sha ɗaya a yinin farko. Da shi kansa ya biyo layi yana gaisawa da dangi, ya iso kaina ya miƙo hannu, sai na sunkuya ina gyara tabarmar da ba abin da ya same ta. Washegari Goggo ta ce ka bar wasiyya a ba shi sandar. Ya ɗaure ta a cikin kekensa, ta saman kujerar fasinja.

Kwana uku ina yawo da tambaya ɗaya: shin na ɓata maka kwanakinka biyu na ƙarshe, ka tafi da ɓacin raina? Ranar sadakar uku, bayan mata sun ragu, na durƙusa gaban Goggo na tambaye ta.

Ta ce, "Kai dai Gali ka cika saka wa ranka abu. Kuna fita ya hau dariya, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ya ce, 'Meram, kin ji su? Ɗaya ya gama mini wasan, ɗaya ya dawo mini da shi. In mun riga mun shiga, me zan tashi in jira gobe?'"

Na ce, "Amma sandar fa, Goggo?"

Ta ce, "Sanda ta mai tsalle-tsalle ce. Kai me za ka yi da ita, ka auna tsawonta?" Ta share ido da gefen mayafi. "Shekara biyar, duk abin da Sherif ya faɗa, ba ya kwanciya da shi sai ya ji daga bakinka. Kana makaranta ma sai ya ce a kira ka a waya. Kai ba ka lura ba, kana can kana ƙirga dariya." Na tambaye ta ko ka ce wani abu game da baƙar robar. Ta ce ka ce tawa ce, amma ba za ta ciro ta ba sai na samo katakon da zai tokare firjin, don allurar mutane na ciki.

Ba zan ce maganarta ta wanke mini zuciya tas ba. Har yau in na hango sandar nan a kekensa sai in kawar da kai. Na so a ce ni ne na iya sa ka dariya. Wannan ba zai samu ba kuma.

An gama wasannin share fage a makon da ka rasu. Maki ɗaya ya bar ku a waje, Kawu. Lissafina ya fito daidai, ban kuma ji daɗin komai ba. Na karanta sakamakon da hantsi kamar kullum, na ɗago kai, babu wanda zan gaya wa. A duk Azare mutum ɗaya ne ya rage da wannan labari zai dama. Sai na sa takalmi na nufi inda masu keke ke tsayawa a bakin kasuwa.

Na same shi yana goge gilashi. Na ce, "Yaya Sherif, ba mu shiga ba. Maki ɗaya."

Bai juyo ba. Ya ce, "Na gani. Ka zo ka gyara mini wani abu ne?"

Na miƙa masa hannu. Ya bar ni a haka har wani mai keke ya ce, "Haba Sherif, hannun mutum zai bushe." Sannan ya goge nasa a riga ya kama.

Na ce, "Wasan nan da aka ci su uku suka farke. Ban taɓa jin ƙarshensa ba, ni na katse shi. Ka ba ni yadda Kawu yake ba ka."

Ya dube ni ta gefen ido. "Da biyar ko da bakwai?"

Na ce, "Da bakwai."

Ya ce in shiga baya. Ya kashe inji, ya kwance sandar, ya ba ni labarin tun daga farko, fasinja biyu suka zo suka gaji suka tafi. Na saurara har ƙwallo ta bakwai, ban gyara masa komai ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Bubayero, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya sanyaya maƙogwaron masu azumi, Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka saka masa riƙon maraya da Aljanna Firdausi. Ni kuma Ka yafe mini abin da harshena ya yi a zaure da asibiti.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo Meram, da mahaifiyata Hajiya Dijatu, da dangi na Azare da Itas, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa aiko da kwano ƙofar gidanmu. Ina kuma miƙa ta ga Yaya Sherif, wanda na hana hannuna ranar da ya fi bukatarsa. An yi masa rashin kawu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Gali Abdurrahim
Azare