A-kul a Hannun Sharafaddeen

Duk wanda ya sayi rigar sanyi ta gwanjo a kasuwar Katako ta Jos a shekarun nan ya san Sharafaddeen, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai faɗin goshi da ke rantse maka da Allah cewa rigar ta yi maka daidai alhali hannunta ya rufe maka yatsu. Kakansa haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, ubansa tela ne, shi kuma ya tashi a cikin dilolin gwanjo. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba. Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne a ce an tashi daga hira.

Wata rana yana kwance dila ya ci karo da kwali cike da katuna a cikin wata jakar makaranta. Ba irin kartar da aka sani ba ce. Kowane kati da hotonsa, wani dodo, wani mahayin doki, wani tsohuwa da sanda, ƙasansa kuma ƙananan rubutun Turanci. Ya kai wa maƙwabcinsa Pwajok, akawu a ma'aikatar gwamnati, wanda suka taso tare suna satar mangwaro. Pwajok ya sa tabarau ya karanta abin da ya karantu, sauran dokokin wasan kuma suka ƙirƙira da kansu. Haladu direban bas ya shigo, Natana'el mai gyaran rediyo ya shigo, suka zama su huɗu. Kowace Lahadi da yamma, in an taso daga coci an kuma yi la'asar, sai zauren Sharafaddeen.

Wasan ba wuya. Kowa na da nasa katunan, yana iya musaya da ɗan'uwansa, kuma kafin a fara sai ya zaɓi 'yan kaɗan da zai shiga da su. Kana jera mayaƙanka a tabarma, kana kai wa wanda ka ga dama hari. Sai dai akwai wani mugun kati mai hoton ruwa ya ci gari, suka sa masa Ambaliya. Da an ajiye shi, duk mayaƙan da ke tabarma sun mutu, har na wanda ya ajiye. In ba wanda ya tsira da ko ɗaya, dokarsu ita ce an yi canjaras, a naɗe tabarma.

Maganinsa iri biyu ne. Akwai Laima, wadda ke rufe mayaƙanka kai kaɗai, saura ruwa ya kwashe su, kai ka cinye wasa. Akwai kuma wani kati ƙwaya ɗaya tak a duk kwalin, mai hoton tafin hannu a ɗage, wanda ke soke Ambaliyar gaba ɗaya, kowa ya tsira. Shi suka kira A-kul. Mai hankali Laima yake ɗauka. Sharafaddeen kuwa ya ba Haladu dodonsa mafi ƙarfi ya karɓi A-kul, bai kuma sake shiga wasa babu shi ba.

"Kai dai ba ka da wayo, Sharafa," in ji Pwajok. "Ka cece mu, mu juyo mu cinye ka. Wane irin business ne wannan?"

"Oga, ni dai a ci gaba da wasa," in ji shi.

Haka nan kuwa ake yi, a cinye shi yana dariya. Da wuya ya ci wasa sau biyu a shekara, amma a zaurensa ba a tashi da wuri.

Rikicin 2001 ya raba unguwar. Pwajok ya kwashe iyalinsa zuwa Daɗin Kowa, Natana'el ya koma Bukuru. Mutane suka ce wasa ya mutu. Sharafaddeen ya bi su gida gida da naci irin na mai talla, har suka dawo, suna shiga mota biyu kafin su iso. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, gemu ya fara fari, katunan suka yi laushi kamar tsohuwar takardar naira.

Sai rikicin ƙarshen 2008. Haladu ya fita da bas ɗinsa da safe bai dawo ba, a asibiti aka gane gawarsa. Sharafaddeen ya yi kukan da bai yi wa ubansa ba. Aka sa dokar hana fita da yamma, sojoji suka tare mararraba, kowa ya san titin da ba zai tsallaka ba.

Bayan 'yan makonni Pwajok da Natana'el suka yi ta maza suka zo ta'aziyya. Daga gidan Haladu suka biyo zauren don su gaisa a tsaye. Sharafaddeen ya riƙe hannun Pwajok ya ƙi saki.

"Wasa ɗaya, don Allah. Ɗaya kawai."

Suka dubi juna, suka zauna. Ba wanda ya taɓa gurbin Haladu. Wasan ya yi daɗi, abin haushi, har Natana'el ya yi dariya sau ɗaya ya kama bakinsa. Rana ta yi ƙasa. Kubra matar Sharafaddeen ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Malam, lokaci fa." A waje wasu samari da ba 'yan layin ba sun tsaya jikin katanga, suna kallon takalman baƙin da ke ƙofa.

Pwajok ya dubi agogonsa, ya zaro Ambaliya ya ajiye a hankali. Bai da Laima, Natana'el ma bai da ita. Dukansu suka juyo ga Sharafaddeen.

A-kul na hannunsa, babban yatsansa a kai. In ya ajiye, wasa ya ci gaba, ya sami ƙarin zama da su, shi kuwa ba abin da yake so a duniya kamar wannan. Zai kuma riƙe su har duhu ya same su a unguwar da ba tasu ba. In ya bari ruwa ya ci, sun tashi, kuma zuciyarsa ta gaya masa ba za su sake zama a nan ba.

"Ba ka da shi ne?" in ji Pwajok.

"Yau ban shigo da shi ba."

Ya kife katunansa, ya sa hannu ya share mayaƙansa da kansa. Pwajok ya daɗe yana kallonsa, bai ce a buɗe a gani ba.

Sharafaddeen ya raka su, yana tafe a tsakiyarsu yana gaida samarin nan da ƙarfi, yana kiran sunan uban duk wanda ya gane. A shingen sojoji ya tsaya, don nan ce iyakarsa. Natana'el ya rungume shi. Pwajok ya ce, "Sai Lahadi," ya amsa, "Allah ya kai mu." Suka tsallaka titi da sauri, suka shiga motar farko da ta tsaya.

Lahadin ta zo, ya share zaure ya shimfiɗa tabarma, Kubra ta dafa shayi na mutum uku. Ya zauna har aka kira magariba. Da ta zo kwashe kofuna ta tarar ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Sun isa gida lafiya ranar, ko?" in ji ta.

"Sun isa," ya ce, ya tashi ya ɗauki buta.