Ɗakunanmu a Bisa Tudun Wurno

Ranar Juma'a ce, a makon da ya biyo bayan ƙaramar Sallah, shekarar da ake ta zancen ruwan dam ɗin Goronyo zai wadata fadama da noman rani, a-kori-kurar da ta ɗauko mu daga ƙauyenmu na kusa da Rara ta tsaya cak a gindin tudun Wurno. Direba ya taka, ta yi gurnani ta dawo da baya. Ya sake takawa, hayaƙi ya turnuƙe mu. Sai ya fito yana goge wuya, ya ce wa Baba motarsa ba za ta hau wannan kwararo da kaya ba. Aka sauke komai a bakin hanya, gadon ƙarfe da tabarmi da tukwane da akwatin kwanonin Inna, aka nemo masu jakai. Ina biye da jakin ƙarshe, riƙe da fitilar ƙwai, lokacin da igiya ta kwance, turmin Inna ya faɗo. Bai tsaya inda ya faɗi ba. Ya kama gangara yana tsalle yana bugun marmara, yaran unguwa suka bi shi da ihu, har ya je ya daki katangar wani gida ya tsage. A ƙauyenmu, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, abin da ya faɗi nan yake zama har ka ɗauka. Inna ta dubi turmin da aka hawo mata da shi, turmin da ta zo da shi gidan aure, ta gyara lulluɓinta.

Aiki ne ya kai mu. An ɗauki Baba a ma'aikatar ban ruwa, cikin masu buɗe ƙofofin ruwa da yashe magudanai a fadamar Wurno, kuma ba a ba irinsu gida. Ya samu ɗakuna biyu, ciki da rumfa, a gidan wata tsohuwa mai suna Goggo Maimu, can kusa da ƙarshen tudu. Mijinta malami ne, ya daɗe da rasuwa, ita kuma ba ta haihu ba. 'Ya'yan mijin duk sun watse, wasu Sakkwato wasu kudu. Ina da shekara bakwai a lokacin, kuma ban taɓa jin kalmar haya ba. A saninmu gida na kakanni ne, in ka yi aure a yanka maka wuri ka gina. Da na tambayi Goggo Maimu yaushe za mu gina namu ɗakin a filin da ke bayan rijiyar da ta ƙafe, sai ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Ɗiyata, ku baƙi na. Amma baƙin da anka yi marhabin da su."

A hankali na koyi abin da baƙuntar take nufi. Ba a kafa ƙusa a bango sai an tambaya. Ba a sake wa murhu wuri. Awakin Inna biyu an bar su a ƙauye wurin kakata, don gidan haya ba ya ɗaukar dabbar kowa sai ta mai gida. Akwai bishiyar magarya a tsakar gida, kuma ko da ta zubo, sai na kai wa Goggo Maimu a kwano ita ta ɗibar mini. Ba rowa take yi ba, sau da yawa ma duka take juye mini a zane, amma Inna ta ce sai an kai. Kafin damina, in za a yi yaɓen soro, Baba ne ke hawa da kansa ya kwaɓa ƙasa ya gyara indararo, yana gamawa kuma ya je ya yi wa tsohuwa godiya kamar shi aka yi wa aikin. Wata rana na ce wa wata ƙawata ta zo gidanmu, Inna ta ji, ta kira ni ɗaki ta ce a hankali, "Ki riƙa cewa gidan Goggo." Ni ce 'yar fari, Inna ba ta kiran sunana, sai dai "ke", amma ranar ta daɗe riƙe da hannuna.

Babbar wahalar tudu ruwa ne. Baba yana wuni yana sakar wa gonakin mutane ruwa, ya dawo da wando jiƙe har gwiwa, alhali randarmu a bisa tudu tana ƙarar wofi. Inna ta shiga kulle tun da muka zo gari, ita da a ƙauye take zuwa rafi da kala da itace, saboda haka ɗiban ruwa ya faɗo kaina. Da sassafe mu 'yan matan unguwa za mu gangara rijiyoyin gindin tudu, gammo a hannu, muna tafe muna tsalle daga dutse zuwa dutse. Dawowar ce aiki. Bokiti a ka, ƙafa tana neman wurin takawa, ruwa yana fantsamowa a wuya, jakai masu mangala suna matse ka jikin katanga. Akwai wani faffaɗan dutse a tsakiyar hawan inda kowa ke tsayawa ya huta, duk ya yi santsi don zama. Har yau in na hau bene sai na ji cinyoyina sun tuna wurin nan.

Amma tudun yana da abin da yake biyan mutum da shi. Daga bayan gidan Goggo Maimu ana hangen fadama gaba ɗaya. Cikin rani, sa'ad da ko'ina ya bushe, sai ka ga ƙasa kore shar, fangalin albasa da tafarnuwa da shinkafa a jere, magudanai suna ƙyalli a tsakaninsu, balbelu suna bin garken shanu a gefe. Nakan tsaya in yi ta neman Baba cikin ɗigo-ɗigon mutane, in zaɓi ɗaya in ce shi ne. Da la'asar warin albasa yakan hawo tare da jakai. Makarantarmu ta boko tana ƙasa kaɗan, kuma in an tashi sai mu samo murfin tsohuwar tukunya ko fasasshen daro mu zauna a kai mu sulala a gangaren bayan aji, siket ya yage, a sha duka a gida, gobe a koma. Ranar da aka yi ruwan sama kuwa kwararo-kwararo kan zama rafi, jan ruwa yana gudu da takalman mutane da kwanon da aka manta a waje, mu kuma muna bakin zaure muna yi masa waƙa.

Ba mu kaɗai ke haya a gidan ba. A ɗakin da ke kusa da zaure akwai Malama Rahila, ungozoma a asibitin garin, mutuniyar Zuru, Kirista, doguwa mai saurin tafiya. Tana da duro a ƙofar ɗakinta da mai jaki ke cika mata, da rediyo, da wata kujerar katako da ba wanda ke zama a kai sai ita. Da farko ita da Inna gaisuwa kawai ke haɗa su. Daga baya tuwo ya fara tsallaka tsakar gida, sai kitso, sai hira a gindin magarya. Ran Lahadi in Malama Rahila ta yi shirin fita coci, Goggo Maimu kan ɗaga kai daga kaɗin audugarta ta ce, "A sabka lahiya, Rahila, a sa mu ciki." Ita kuma ta ce, "In Allah ya yarda, Goggo."

A shekararmu ta biyu Inna ta haihu, bayan ɓari da ta sha yi a ƙauye. Da hantsi ne, Malama Rahila ta karɓi haihuwar, namiji. Da aka zo binne mabiyiya sai Inna ta sa kuka. A gidan kakana akwai wuri a bayan ɗaki inda aka binne ta Baba da ta 'yan uwansa da tawa, yanzu ga ta ɗanta za a sa a ƙasar da ba tamu ba, kuma ko hakan sai an roƙa. Ba a kai ga roƙon ba. Goggo Maimu ta shigo da 'yar fartanyarta ta ce, "Mi kike ma kuka? Wanga gida bai taɓa ganin haihuwa daga gare ni ba. Ku bar shi shi samu." Da hannunta ta haƙa, a bayan ɗakinta ita kanta. Ran suna aka sa masa Muhammadu, amma Goggo Maimu ta ce Na-Tudu, kuma sunan da ya bi shi ke nan.

Wankan jego a bisa tudu ba wasa ba ne, don tukunya guda ta wanka ta fi abin da nake ɗebowa a wuni. Malama Rahila ta mirgino duronta ƙofar ɗakinmu ta ce ita za ta riƙa wanka a asibiti. Goggo Maimu ta sa aka sare wani busasshen reshen magaryar da take hana kowa taɓawa, aka yi itace. Har Inna ta yi arba'in ban ji an ce mana baƙi ba, ni ma na manta.

Na-Tudu ya tashi yaro mai ƙiba da dariya, kuma a bayana ya girma. Ya koyi tafiya a ƙasa mai gangara, sai ya zama in an kai shi wuri mai shimfiɗe yana tafiya yana karkacewa, mutane suna dariya. Wunin duniya yana ɗakin Goggo Maimu, yana warware mata zare, tana yi masa faɗan ƙarya tana tura masa ƙuli-ƙuli a baki. Yana cikin shekararsa ta uku ƙyanda ta shigo garin da bazara. Ta bi unguwarmu gida-gida. Malama Rahila ta yi iya ƙoƙarinta, ita ta goya shi da kanta ta gangara da shi asibiti, ta dawo da shi, ta sake komawa. Wata safiya bayan an idar da sallah ya cika a cinyar Inna, jikinsa da zafi kamar an ɗauko shi daga rana.

Maza suka ɗauke shi a tabarma zuwa maƙabartar da ke bayan gari. Inna ba ta yi kururuwa ba. Da mutane suka ragu ta tambayi Baba ta wane gefe ne, ya nuna mata da hannu. Tun daga ranar, kullum da la'asar sai ta kifa babban daro a gindin katangar baya, ta hau, ta ɗora haɓa a kan katangar tana duban wajen. Ba a ganin maƙabartar daga nan, sai kan wasu bishiyoyin aduwa. Goggo Maimu kan zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta tana jan carbi har a kira magariba.

Tsohuwar ba ta daɗe bayansa ba. Kaɗin ma ta daina, ta ce zaren ba ya yi mata daɗi yanzu da ba mai warware shi. Sanyin shekarar da ta biyo ta kwanta, Inna ta yi jinyarta, ita ta rufe mata ido. Bayan an share makoki 'ya'yan mijinta suka zo rabon gado. Mutanen kirki ne, ba wanda ya ɗaga mana murya. Babbansu ya zauna da Baba a zaure ya ce, "Malam Umaru, mun ji abin da kunka yi ma tsohuwa, Allah shi saka. Amma gida za a raba shi, ɗakunanku sun hwaɗa rabon ƙanena, shi ko aure za shi yi." Baba ya ce, "Ba komi, Alhaji. Haƙƙinku na." Aka ba mu wa'adi har bayan girbin albasa. Malama Rahila ta riga mu tashi, aka mayar da ita wani gari, ta bar wa Inna kujerar katakon nan.

Baba ya nemi a mayar da shi Goronyo, aka yarda. Ranar tashi Inna ta share ɗakunan tas, ta shafe bango da farar ƙasa kamar mai jiran baƙi, ta cika randar da za mu bari da ruwa. Sannan ta zagaya bayan ɗakin Goggo Maimu ta durƙusa ta daɗe. Da ta fito sai ta ce wa Baba, "Mun zaka mu uku, za mu koma mu uku." Shi ne kawai abin da na ji ta faɗa a kan zaman nan duka, har ta bar duniya.

Yanzu na manyanta, ina da jikoki, ina zaune a gidan da yake namu a Goronyo, kuma ba wanda zai zo ya ce mini rabon wani ne. Hanya takan bi da ni ta Wurno in za ni Sakkwato. An yi gine-ginen bulo, babura suna hawa kwararon da mota ta kasa, 'yan mata suna tafe da waya a hannu. Sau ɗaya na sa aka tsaya na hau. Gidan ya zama gida uku, kowanne da ƙofar ƙarfe. Na tsaya a gaban ta tsakiya, wata yarinya ta leƙo ta ce, "Inna, wa kike biɗa?" Na buɗe baki na rasa sunan da zan kira, don duk waɗanda na sani a gidan ko suna cikin ƙasa ko sun yi nisa. Na ce mata na yi ɓatan kai ne, na juya.

Garin da na fi sani a duniya ke nan, kuma ba ni da ƙofar da zan yi sallama a cikinsa.