Ashafa Mai Get da Gidajen Bargi

Duk wanda ya bi hanyar Lafia zuwa Doma a shekarun can ya san Ashafa Mai Get, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin da ke zaune a kan ƙaramin dam ɗin da aka datse rafi da shi don masu noman rani, makulli rataye a wuyansa kamar laya. Asalinsa mai gyaran injin niƙa ne. A 1981 aka ɗauke shi aikin buɗe get, wato ƙofar ruwa, da rufe ta, don hannunsa ya san ƙarfe. Kifi kuwa bai san shi ba sai a cikin miya.

Aikin ba shi da wuya. In damina ta yi nisa, sai takarda ta zo daga ofis a ce ranar kaza a rufe ƙofa dam ya cika. Shekarar farko Ashafa ya kama sitiyarin ƙofar ya murza shi tas kafin azahar, ya koma gida yana jin ya yi abin kai.

Bayan kwana uku wani dattijo ya hawo gangaren, ƙafafunsa duk taɓo. Orshi ke nan, masunci ɗan ƙabilar Tibi daga ƙauyen da ke ƙasan dam. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, kai ne ya kulle ruwa? Zo ka gani aikinka."

Ashafa ya bi shi har fadama. Ruwan da ya kai gwiwa ya janye dare ɗaya, ya bar wasu kewaye-kewaye na ciyawa a kan laka, kowanne ya kai faɗin tabarma. Orshi ya ce gidajen bargi ne, kifin da ke gina wa ƙwansa ɗaki, uwa da uba su tsaya gadi. A cikin kowane gida ƙwai ya bushe, ƙuda na bi. Suka ƙirga arba'in da ɗaya.

"Mu ba mu taɓa bargi idan yana kan gida," in ji Orshi. "Kakanmu ya hana. Kai ka kashe duka da hannu ɗaya."

Abin ya tsaya wa Ashafa a rai, ya yi kwanaki tuwo ba ya masa daɗi. Rashin sani ya fi dare duhu, amma shi bai yarda ya fake da wannan ba. Daga shekarar ya canza hannu. In takarda ta zo, sai ya riƙa murza sitiyarin zagaye ɗaya a yini, ruwa na sauka sannu-sannu, har ranar da Orshi zai hawo ya ce 'ya'yan sun bar gida sun bi iyayensu cikin kogi. Wata shekara kwana tara, wata sha biyu. Manoman rani suka yi ta guna-guni, har da surukinsa, wanda ya ce bai taɓa ganin mutumin da ya fifita kifin da ba zai ci ba a kan tumatirin 'yan'uwansa ba. Takardar gargaɗi kuwa ya sha ta har matarsa Sailuba ta koma hura wuta da ita.

Duk da haka gidajen raguwa suke yi. An share fadama an shuka shinkafa, baƙin masunta sun zo da koma mai ƙananan ido. Daga arba'in aka dawo ashirin, aka dawo bakwai.

Orshi ya rasu da bazarar 1995. Da takarda ta zo a wannan shekarar, babu mai hawowa ya kawo labari. Ashafa, wanda bai iya iyo ba, ya naɗe wando ya shiga fadama da sanda yana lalube. Ya yini yana nema. Gida biyu ya samu.

Ruwan sama ya yi ƙaranci a shekarar, dam bai kai rabi ba. A kwana na shida da fara murza sitiyarin, injiniyan ofis ya zo da kansa, saurayi ne mai ladabi, amma ransa a ɓace.

"Baba Ashafa, mutum ɗari biyu ke jiran ruwan nan. Kifi nawa ne a ƙasa?"

"Gida biyu ne, ranka ya daɗe."

"Gida biyu? Baba, ba ni makullin."

Ashafa ya daɗe yana kallon ruwa. Ya san yaron bai faɗi ƙarya ba, ya kuma san in waɗannan biyun suka bushe, rafin ya yi bankwana da bargi.

"Ka bar mini shi kwana huɗu," ya ce. "Ran na biyar ka karɓa, ka sa wanda kake so. Ba zan sake hawa dam ɗin nan ba."

Injiniya ya gyaɗa kai.

Ran na huɗu da hantsi Ashafa ya sake shiga fadama. Gida ɗaya iyayen sun watsar da shi, ƙwan ya yi fari ya ruɓe. A bakin ɗayan ya ga wani baƙin dunƙule yana juyawa cikin ruwa, 'ya'ya ne birjik, manyan biyu na kewaye su suna kora su wajen zurfi. Ya tsaya cikin ruwa har suka ɓace masa, hawaye na zuba bai share ba.

Ya hau ya rufe ƙofar da hannunsa, ya miƙa wa injiniya makulli. Da haka ya bar aikin, saura masa shekara biyu ya yi ritaya da fansho.

Da ya isa gida Sailuba ta dubi jiƙaƙƙen wandonsa da wuyansa da babu makulli, ta tambaye shi nawa suka tsira.

"Gida ɗaya," ya ce. Ta ɗauko masa busasshen wando, ta ɗora ruwan wanka.