Yadda Kansila Ya Ci Zaɓe a Gidan Baba Yohanna

Duk wanda ya taɓa aron littafin labarin dabbobi a hannun Baba Yohanna, mijin yayata Saratu, ya san ba zai ga shafin ƙarshe ba. In dai mutum ya zalunci dabba a ciki, Baba zai gutsuro teba ya manne shafin, ya rubuta nasa ƙarshen a bangon littafin da jan biro. A wajensa babu karen da aka kora don ya tsufa, babu jakin da ya mutu a ƙarƙashin kaya. Na taɓa ce masa ƙarya yake koya wa yara. Ya ce ai wanda ya rubuta na farkon ma ba a gabansa aka yi ba.

Tun da ya bar gadi a masaƙa, kowace Lahadi in an taso daga coci yaran gidan hayarmu na Makera ke zagaye shi a gindin mangwaro. Wata rana yana tsakiyar labarin wani kare mai amana, sai ga ɓera ya fito daga kicin da kan kifi a baki. Saratu ta rarumo muciya. Baba ya ce ta bari, wataƙila mai jego ce. Ta ce to madalla, rabonsa mai jegon ta ɗauka. Ranar nan lami ya ci tuwonsa.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Saratu ta sayo bunsuru daga Kakau, ta yi wa duk gidan alkawarin naman Kirsimeti. Kuskurenta ɗaya, ta ɗaure shi a ƙofar ɗakinsu. Kafin sati Baba ya raɗa masa suna Kansila, wai duk abin da aka ajiye a gabansa sai ya cinye. Kafin wata ya sa shi a labari: Kansila maraya, wanda ya tsaya bakin rijiya yana kuka har aka zo aka ciro ɗan mai gidansa. Bunsurun da ya cinye mini zane a kan igiya!

Ranar jajibere mahauci ya iso da wuƙa, yara suka ɓarke da kuka. Baba ya sha gaban bunsuru ya ce, "Zamanin doka da bakin bindiga ya wuce. Mulkin farar hula ake yi, sai a yi zaɓe."

Aka yi ƙato bayan ƙato. Saratu ta ja layin nama, ni kuwa ba na ɓoyewa, ni ce ta biyu. Yara suka jeru bayan Kansila, har da jaririyar maƙwabciya a kafaɗar Baba. Na ce yara ba su da katin zaɓe. Ya ce duk bakin da ya isa cin nama ya isa jefa ƙuri'a. Suka kayar da mu warwas. Shinkafa da busasshen kifi muka ci, ban sake gaishe shi ba sai bayan sabuwar shekara.

Shekara huɗu bunsurun nan yana bin Baba har bakin coci. Da Baba ya rasu, Kansila ya kwanta a ƙofar ɗakin, ya ƙi ko dusa. Masu ta'aziyya suka cika gida, abinci ya yi kaɗan, sai na matsa kusa da Saratu na raɗa mata cewa ga Kansila nan, tunda mai hanawa ba ya nan. Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Ta dube ni, idonta jawur. Ta ce, "Ladi, an yi zaɓe a gidan nan."

Tsufa ne ya kashe Kansila, a ƙofar Saratu.

Ya Ubangiji, bawanka Yohanna bai yarda labarin kowa ya ƙare da wuƙa ba. Ka rubuta masa nasa ƙarshen da jinƙai, Ka ba shi hutawa. Amin.