Ranar Da Ƙafar Yaya Ta Yi Shiru

Yayana tela ne, kuma tun muna yara ban taɓa ganin ya zauna wuri guda ba sai a kan keken ɗinki. Ko a nan ɗin ma ƙafarsa gudu take yi. 'Yan layinmu Guguwa suke kiransa. Shagona na zare da maɓalli manne yake da nasa, katako ne kawai tsakaninmu, don haka da ƙarar kekensa nake sanin halin da ya tashi.

Ciwon suga ya kama shi tun kafin furfura ta fito masa. Yana shan magani, ba zan yi masa sharri ba, ya kuma rage zaƙi, ko da yake ragewar Yaya sai dai a yi shiru. Amma ka tambaye shi jiki, kafin ka rufe baki ya ce, "Garau!" Ma'auninsa ɗaya ne: in ya tashi babu inda ke masa ciwo, ya kuma taka keke har yamma, to lafiyarsa ƙalau. Abin da na'urar asibiti ta nuna kuwa, wannan tsakaninta da likita ne.

Wani zuwa da na raka shi, likita ta tambaye shi yadda shi da kansa yake ganin lafiyarsa, da kyau ne, ko dama-dama, ko ba daɗi.

"Likita, ai na fi ki lafiya," in ji shi. "Ke kina zaune, ni ina aiki."

Ta yi dariya, ni kuwa kamar in nutse don kunya. Ta ce ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, kuma kada ya kuskura ya zauna ba takalmi. Ya ce to, hannunsa riƙe da ƙofa.

Abu ɗaya ne ya taɓa sa shi amsa cewa ba shi da lafiya, wato ƙafafunsa. An yi wani lokaci suna masa zugi kamar ya taka garwashi. Ya miƙe, ya zauna, ya leƙo shagona ya zazzaga min faɗa a kan zaren da ba ni na yi shi ba, ya koma. Sannu a hankali zugin ya ja baya har ya ɗauke ƙaf. Ranar da ya lura, da rawa ya shigo min.

"Auta, na warke! Ko ɗis ba na jin komai!"

Kafin rana ta take, duk layin ya ji labari.

To, Yaya bai taɓa taka keke da takalmi ba. Da ya iso yake cire su a bakin ƙofa, wai da takalmi mutum ba ya jin kekensa. Ƙasan shagon nan kuwa, in ban da ƙyallaye da guntayen zare da karyayyun allurai, babu abin da ke wurin. Na yi maganar shara har na gaji.

Wata safiya na ji keken yana ɗingishi. Ya ruga, ya tsaya, ya sake fizga, ba irin tafiyarsa ba. Hankalina ya ƙi kwanciya. Na ɗauki zare a matsayin dalili na zagaya. Tun daga ƙofa wani wari ya tarye ni, ga ƙudaje suna shawagi a ƙarƙashin keken, ga wani tabo baƙi-baƙi a kan ƙarfen da yake takawa.

"Yaya, ɗaga ƙafarka."

"Ke, ɗinkin mutane ne a gabana."

"Wallahi ko ka ɗaga ko in tara maka jama'a."

Ban jira shi ba, na durƙusa na kamo ƙafar. Guntun allura ne ya nutse a ƙarƙashin babban yatsa, wurin ya kumbura ya yi baƙi yana ruwa. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake taka keke da shi. Yaya ya sunkuya yana kallo kamar ƙafar wani aka nuna masa.

"Amma fa ba ya min zafi," ya ce. Ya sake faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Tsoro ya kama ni, haushi kuma ya rufe ni, na rasa wanda zan fara da shi.

A asibiti likita ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce sugan ne ya lalata jijiyoyin da ke kai masa labarin ciwo, shirun da ya yi wa rawa ba warkewa ba ne. Yatsan dai ba zai tsira ba. Sauran ƙafar kuma, in yana son ta, sai an riƙa dubawa da ido, tunda ita ta daina faɗa.

Haka aka yanke yatsan. Zaman jinyar nan matarsa ta ga ta kanta. Daga gado zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, yana dogara sanda yana tambayar wa ya karɓe masa masu kawo ɗinki. Da ya koma shago aka ɗaura wa keken injin lantarki, yanzu dannawa kawai yake yi, da takalminsa a ƙafa, yana mita wai keken ya zama na ragwaye. Sharar ma da kansa yake yi.

Matarsa ke duba masa ƙafar da yamma, ni da safe. Yakan shigo shagona ya zauna a benci, ya cire takalmi da safa, ya ɗora ƙafar a kan kujera, yana kaɗa ɗaya gwiwar don ƙaguwa. Jiya ina cikin bin tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, sai mai shagon takalma na gefenmu ya leƙo.

"Guguwa, ya jiki?"

Yaya ya buɗe baki, na ga "garau" ɗin ta zo masa har leɓe. Sai ya haɗiye ta, ya dube ni.

"Tsaya tukuna," ya ce. "Auta ba ta gama dubawa ba."