Mai Kitsa Bulalar Ista

Iskar birnin Bratislava ba ta da kunya, tsohon nan ma haka. Yana zaune a bakin kasuwa, ya ɗaure hularsa da igiya a haɓa, yana kitsa bulalar bikin Ista da ɗanyun tsumagu. Iska na busar masa da su, shi kuma yana guntsar ruwa yana fesa musu, yana kiran sunan iskar da yarenmu yana zagi: "Vietor, Allah wadaran halinki!"

Ni kwando na zo nema.

Ya ce, "Kwando sai bayan Ista, 'yata. Ɗauki bulala ki kai wa maigida. In bai tsula miki ran Litinin ɗin Ista ba, bushewa za ki yi kafin baɗi."

Ji min tsoho! Al'adarmu ce: duk Litinin ɗin Ista maza kan tsula wa mata bulala su watsa musu ruwa, wai don kada su bushe. Tun ina yarinya nake shan tsula da ruwan sanyi da sunan ƙarin lafiya. Yatsunsa duk sun tsattsage, amma bakin garau yake. Ina kyautata zaton matarsa ce ta koro shi kasuwa don ta huta.

Sai iska ta taso, ta fizge tsumagun hannunsa, ta zabga masa a kunne.

Na ce, "Barka, Kawu. Bana kai ma ba za ka bushe ba."