Siffofi Arba'in da Ɗaya na Baba Mai Tanderu

Kowace safiya kafin ƙarfe bakwai, Baba Mai Tanderu yakan buɗe ɗakin ginin yumɓu na makarantar fasaha, ya kara bayan hannunsa a jikin aikin kowane ɗalibi. Wanda ya ji da sanyi bai bushe ba, sai ya mai da shi kanta, ko mai shi zai yi kuka. An ɗauke shi aiki a watan Maris na 1989 a matsayin lebura, kuma da wannan matsayi zai yi ritaya, domin mu da muka zauna a kwamitin ƙarin girma takardar shaidar karatu muka nema, shi kuwa ba shi da ita.

Kaɗan ne suka san yana da nasa ginin. Ba tukwane ba ne, ba kuma surar mai rai ba: wani ya rusuna, wani ya buɗe ta sama kamar bai gama magana ba. Wata malama ta taɓa tsokanarsa: "Baba, wannan me ake zubawa a ciki?" Ya ce, "Ba komai, 'yata. Da uwar 'ya'yana ta rasu, addu'a ta ƙi fita a bakina, sai ta bi ta yatsu."

Guda arba'in da ɗaya ne, dukkansu ɗanyu, ba su shiga tanderu ba, don aikin ɗalibai kullum shi ne a gaba. Da aka yanke shawarar rushe tsohon tanderun, shugaban sashe ya bar masa gashin ƙarshe. Ya gama jera nasa ke nan, sai 'yan ajin ƙarshe suka shigo da aikin jarrabawarsu, ga shi sabon tanderu na lantarki da ake jira bai iso ba. Ya fito da nasa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, naka fa?" in ji wata ɗaliba.

"Nawa sun saba jira. Miƙo naki."

Sabon tanderun ya yi wa siffofinsa kaɗan. Yanzu suna ɗakinsa mai yoyo, kuma yumɓun da bai sha wuta ba, damina ɗaya ta ishe shi komawa laka.

Baba, kai ne ka mai da ƙasar ginin wasu abin da zai daɗe, ka bar taka a ɗanye. Mun gode, Baba, kuma mun makara. Masu tasowa su koyi irin haƙurinka. Mu kuwa da ayyukanmu suka fito lafiya daga hannunka, kowa ya ɗauko bulo, mu gina maka tanderu a ƙofar gida tun hadari bai haɗu ba.